Kafin Kunci Ya Huje

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wani asibiti a cikin birnin nan na Sakkwato wanda likitocin fiɗa na Holan da Jamus da Ingila suka san hanyarsa tun kafin a haifi yawancinmu, amma in ka tsai da ɗalibai a bakin ɗakin karatu ka tambaye su aikin da ake yi a cikinsa, da wuya ka sami wanda zai ba ka amsa sosai. Shi ne Asibitin Yara na Noma, wanda aka buɗe a 1999. Wanda ya ji sunan ba bayani sai ya zaci wani reshe ne na Ma'aikatar Aikin Gona. Kalmar kuwa ta Girkawa ce, asalinta cinyewa, kamar yadda dabba ke cinye ciyawa a makiyaya, haɗuwarta da tamu kalmar katari ne kawai. Sai dai katarin yana da ɗaci, domin 'ya'yan manoma cutar ta fi ci, 'ya'yan waɗanda rumbunsu ke ƙarewa tun hatsi bai fid da kai ba. Mutanenmu suna da nasu sunayen. Wasu su ce ciwon iska, wasu bakin kare, wasu kuma zaizayar baki, wanda shi ne ya fi dacewa da abin da ido ke gani.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a mujallar ɗalibai shi ne, mun lura duk lokacin da aka ambaci cutar, hankalin jama'a yana tafiya ga ɗakin tiyata, ga hoton yaro kafin aiki da bayan aiki, ga baƙon likitan da ya zo daga Turai. Mu a namu ra'ayi, ran da yaro ya isa ɗakin tiyata an riga an yi asarar mafi yawan abin da za a iya ceta. Wurin da ake cin nasara ko a faɗi shi ne ɗakin shan magani na ƙauye, a ranar da uwa ta kawo yaro da zazzaɓi, malamin asibiti kuma ya buɗe bakinsa ya duba, ko ya sallame shi bai duba ba.

Bari mu bayyana yadda ciwon ke tafiya, don wanda bai san saurinsa ba ba zai gane abin da muke nufi ba. Yakan kama yara ne tsakanin shekara 2 zuwa 6, watau daga lokacin yaye. Duk wanda ya tashi a karkara ya san wannan lokaci. An raba yaro da nono, sau da yawa an kai shi gidan kakarsa, abincinsa ya koma kunu da koko da ɗan tuwon da ya samu, sa'an nan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ko gudawa su zo su ƙarasa raunana jikinsa. A irin wannan jiki, ƙwayoyin cutar da ke zaune a bakin kowa ba su cutar da shi sai su sami dama. Da fari dasashi ne ke yin ja, yana zub da jini in an taɓa. Daga nan sai miki ya fito a gindin haƙora, baki ya soma ɗoyi mai tsanani, miyau ya yi ta dalala, yaro ya ƙi cin abinci saboda zafi. Sai kunci ya kumbura ya yi tauri. Sai wani baƙin tabo ya bayyana a kan fata, alamar naman ciki ya mutu. Bayan wannan naman ke zubewa, kunci ya huje, leɓe ko hanci ya tafi, wani lokaci har ƙashin muƙamuƙi da haƙora. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa wannan tafiya mataki biyar, ban da kumburin dasashi na farko wanda ta ɗauka a matsayin gargaɗi. Daga miki zuwa hujewa kuwa, mako biyu ya isa, wani lokaci bai kai ba.

A ƙiyasin da hukumar ta yi a 1998, yara 140,000 ke kamuwa kowace shekara a duniya, kuma cikin goma da ba a yi wa magani ba, har tara na iya mutuwa. Ƙiyasin ya tsufa, kuma tsufansa kansa shaida ce a kan yadda aka yi banza da cutar. Amma ku tsaya ku dubi abin da yake nufi. Kowane mutum guda da muka gani a kasuwa ya rufe rabin fuskarsa da mayafi ko rawani, a bayansa akwai ƙananan kaburbura da ba wanda ya rubuta sanadinsu. An ce zazzaɓi ne, ko an ce iska ce, an yi sallah an rufe.

To, shi wanda ya rayu, me ke jiransa? Nan ne ya kamata mu jinjina wa masu aikin fiɗar baki da fuska, domin aikinsu na daga cikin mafiya wuya a duk fannin likita. Ba a yi wa yaro gyaran fuska da zarar ciwo ya lafa. Sai an jira miki ya warke, tabo ya zauna, wanda kan ɗauki watanni da yawa, sa'an nan a ciyar da shi har jikinsa ya iya ɗaukar aiki. Tabon nan kuwa in yana warkewa yakan tsuke, ya ja muƙamuƙin ƙasa ya ɗaure shi da na sama, wani lokaci ma ƙashi ya toho tsakaninsu ya haɗe su. Akwai waɗanda suka yi shekara goma ko ashirin ba su buɗe baki ba, suna tura abinci ta ramin da ciwo ya bari ko ta giɓin haƙori. Wannan ɗaurewa ita ce matsala ta farko a ɗakin tiyata, domin likitan da ke sa mara lafiya barci ta baki ya saba zura bututun numfashi, ga baki kuma a kulle. Dole sai ya bi ta hanci da wani siririn bututu mai madubi a kai, yana kallo yana lallaɓawa, aikin da ke bukatar na'ura mai tsada da hannun da ya ƙware.

Bayan an saki muƙamuƙi sai cike ramin. Kunci fuska biyu gare shi, ta waje da ta ciki, dukansu sai an samar musu madadi. Likita yakan yanko fata da namanta daga ƙirji da kafaɗa, ko daga ƙarƙashin haɓa, ko daga goshi in hanci ne za a gina, ko ya juyo wani sashe na leɓen da ya rage ya rufe wanda ya tafi. Wani yankin ba a raba shi da asalinsa nan take. Sai a bar shi manne ta gefe ɗaya yana shan jini daga inda aka ɗebo shi, mara lafiya ya zauna da shi haka kamar mako uku har ya kama a sabon wurinsa, sa'an nan a koma a yanke. Shi ya sa mutum guda kan shiga ɗakin tiyata sau biyu ko uku ko fiye. Kuma ko an gama duk wannan, aiki bai ƙare ba. Muƙamuƙin da aka saki yana neman ya koma yadda yake. Kullum, safe da yamma, sai mara lafiya ya jera 'yan ƙananan katakan nan na danne harshe tsakanin haƙoransa, yana ƙara ɗaya bisa ɗaya, yana jure zafi, wata da watanni. In ya koma ƙauye ya bari, baki ya sake kullewa, aikin likita ya tashi a banza.

Tun 2014 Ƙungiyar Likitoci Na-Gari-Na-Kowa, watau MSF, ta shiga aiki tare da Ma'aikatar Lafiya ta jiha a wannan asibiti, tana kawo ayarin likitocin fiɗa da masu sa barci da ma'aikatan jinya kamar sau huɗu a shekara, kuma ba a karɓar kuɗi daga marasa lafiya. Zuwa ƙarshen 2023 ta ba da labarin an yi tiyata fiye da 1,200 ga mutum fiye da 800. Allah ya saka musu da alheri, su da ma'aikatanmu na gida da ke riƙe da asibitin dare da rana tsakanin zuwan wannan ayari da na gaba. Amma ku yi lissafi. Mutum ɗari takwas da 'yan kai a shekara tara, daga Sakkwato da Kabi da Zamfara da wasu jihohi masu nisa. Ko da an ninka adadin sau goma, wuƙar likita ba za ta taɓa cim ma cutar ba, kuma waɗanda suka mutu a mako na biyu ba su cikin lissafin ko kaɗan.

Yanzu ku kwatanta wannan da abin da ake bukata a makon farko. Ruwan da aka tafasa aka sa gishiri a riƙa wanke baki da shi. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta guda biyu, amoksisilin da metronidazol, wannan da jama'a suka sani da Flagyl, waɗanda ba kantin maganin da babu su. Abinci mai gina jiki, ƙwai da wake da gyaɗa da nono, da ruwa isasshe, da maganin zazzaɓin da ya buɗe wa ciwon ƙofa. In an yi wannan tun miki na kan dasashi, yaro zai warke ba tabo. In kunci ya riga ya kumbura, to, gaggawa ce, sai a kai shi babban asibiti a ba shi maganin ta jijiya, amma har a lokacin ana iya ceton fuskarsa. Kayan aikin gano ciwon kuma tocila ce, da safar hannu, da ɗan katakon danne harshe. Shi dai wannan katako ne wanda mai tiyata zai yi watanni yana cusawa tsakanin haƙoransa daga baya.

Me ya hana a yi? Kowa a cikinmu ya taɓa raka ƙani ko ƙanwa ɗakin shan magani, ya kuma ga yadda abin ke gudana. Layi ya kai bakin ƙofa, malami guda ne, kansa a sunkuye kan kati. Me ke damunsa? Zazzaɓi. Kwana nawa? Uku. A soki yatsa a gwada jini, a rubuta magani, a kira na gaba. In uwa ta ce ba ya cin abinci, sai a ce ai zazzaɓin ne. Ba mu ɗora wa malamin laifi shi kaɗai ba. Mutum ɗaya ne a kan aikin mutum biyar, kuma abin da aka koya masa ya duba, abin da mai dubagari zai tambaye shi a ƙarshen wata, shi yake dubawa. Rajistar da yake cikewa tana da gurbin zazzaɓin cizon sauro, da na gudawa, da na allurar rigakafi. In ba a tanadi gurbin baki ba, baki ba ya cikin aikinsa.

Wannan ya kai mu ga yadda ƙasar nan ta ɗauki lafiyar baki gaba ɗaya. Makarantar koyon likitancin haƙori ta farko an buɗe ta a Legas a 1966, na Ibadan da Ife da Binin suka biyo baya, Arewa kuwa ta daɗe ba ta da ko ɗaya kafin a sami na Maiduguri da Kano. Likitocin haƙoran da muke da su suna cikin manyan birane, a asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da manyan asibitocin jiha. A idon jama'a kuwa, har da masu ilmin zamani, likitan haƙori mai cire haƙori ne kawai, ko mai sa haƙorin Makka. Ba a zuwa wurinsa sai an gwada kanumfari, an gwada kanwa, an gwada taba gari, wasu har da ruwan batir, sai fuska ta kumbura ido ya rufe. Alhali kuwa mugunyar da ta taru a gindin turmin ƙasa tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya ta toshe maƙogwaro, ta kashe ƙato mai ƙarfi cikin kwana kaɗan. Su ne kuma waɗannan likitoci ke ɗaure muƙamuƙin ɗan kabu-kabun da ya faɗi ba hular kwano, su ɗinke leɓen jaririn da aka haifa a tsage. Abin mamaki, mu ne al'ummar da addini ya kwaɗaita wa yin asuwaki, dattawanmu ba sa rabuwa da shi a aljihu, amma ba mu ɗauki bakin yaron goye da na yaye a matsayin abin da ake tsabtacewa ba, wai don haƙoran nono ne, za su faɗi.

Wani zai ce, kuma mun ji ana faɗa a zauren muhawara, cewa duk wannan kewaye-kewaye ne, cutar ta yunwa ce, a ba talaka abinci za ta tafi da kanta. Mai wannan magana yana da tarihi a bayansa. Zaizayar baki ta addabi 'ya'yan talakawan Turai har cikin ƙarni na 19, a gidajen marayu da unguwannin ma'aikatan masana'antu, sa'an nan ta ja da baya yayin da abinci da tsabta suka inganta, tun kafin a sami fenisilin. Da ta sake ɓullowa a can, a sansanonin 'yan Nazi ne irin su Auschwitz da Bergen-Belsen lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka bar mutane da yunwa da gangan. A 2012 ma wani kwamitin ba da shawara na Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan Adam ya ɗauki cutar a matsayin shaidar tauye haƙƙin yaro na samun abinci. Mun yarda da wannan duka. Mun kuma san halin da ake ciki a gabashin jihar nan, a Isa da Sabon Birni da Raba da Goronyo, inda 'yan bindiga suka raba manoma da yawa da gonakinsu, tamowa kuma ta ƙaru a tsakanin yara.

Amma yaron da dasashinsa ke jini yau ba zai iya jiran ranar da za a kawar da talauci ba. Mako biyu gare shi. Wanda ya ce a bar duba baki sai an gyara tattalin arziki, ya yanke wa wannan yaro hukunci ne yana zaune a inuwa. Ayyukan biyu ma ba su rabu ba. Wuraren da ake raba abincin nan na gyaɗa ga yara masu tamowa su ne daidai wuraren da yaran da suka fi shiga haɗari ke taruwa kowane mako. Ana auna damtsensu da ɗan tef mai launi, ana ɗora su a sikeli. Minti ɗaya za a ƙara a ce buɗe baki. Haka ranar allurar ƙyanda, ta wata 9 da ta wata 15, allurar da ita kanta garkuwa ce daga zaizayar baki. Haka masu bi gida-gida da maganin zazzaɓin damina. Ƙafa ta riga ta kai ƙofar gidan, tocila kawai ta rage.

Akwai shaidar cewa in an duba za a gani. A 2018 masu bincike sun bi ƙauyukan Sakkwato da Kabi suka duba bakin yara fiye da 7,000. Sun sami kimanin uku cikin ɗari da kumburin dasashi, suka kuma tarar da 'yan kaɗan da ciwon ya riga ya soma ci. Waɗannan yara suna cikin gidajensu ne, kuma an gan su saboda wani ya je ya duba.

Sai batun masu maganin gargajiya, wanda mu 'yan boko muka saba yi wa kallon raini. Uwar da ta ga kuncin ɗanta ya kumbura dare ɗaya, ya yi baƙi, yana ɗoyi, ba abin mamaki ba ne ta ce iska ce, domin ba ta taɓa ganin ciwon da ke gudu haka ba. Wanda ke kusa da ita, wanda zai karɓi kaza ko ya yi mata lamuni, shi ne mai magani ko wanzami. Kwana huɗu ko biyar da ake yi ana turare da shafe-shafe su ne kwanakin da ke raba warkewa da hujewa. Zagin mai magani a rediyo ba zai hana uwa zuwa wurinsa ba. Abin da zai yi amfani shi ne a zauna da shi da girmamawa, a nuna masa hoton matakan ciwon, a ce masa wannan guda ɗaya in ka gani ka turo, a ba shi lambar da zai kira, in ya turo kuma a gode masa a gaban jama'a. Ma'aikatan wayar da kai na asibitin Sakkwato sun gwada aiki da su ta wannan hanya. Sarkin wanzamai da sarkin magani suna ƙarƙashin hakimi, hakimi kuma yana ƙarƙashin fada, saboda haka hanyar isar da saƙon tana nan tun fil azal.

Ranar 15 ga Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zaizayar baki cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi banza da su, ta zama ta 21 a jerin. Nijeriya ce ta gabatar da bukatar a Janairun wannan shekara a madadin ƙasashe 32, kuma wannan abin alfahari ne. Daga cikin waɗanda suka yi fafutukar akwai Mulikat Okanlawon, wadda ciwon ya ci fuskarta tana ƙarama, aka yi mata aiki a Sakkwato, ta kuma zama ma'aikaciya a asibitin, sa'an nan ita da Fidel Strub, haifaffen Burkina Faso, suka kafa Elysium, ƙungiyar farko ta waɗanda suka tsira daga cutar. A 2024 mujallar Time ta Amurka ta sa su cikin mutum 100 mafiya tasiri a fannin lafiya. Duk da haka, shiga jerin suna a Janeba ba ya sayen ko ƙwayar amoksisilin ɗaya a Gudu ko Tangaza. Abin da ya ba mu shi ne hujja, ta yadda ba wani jami'i da zai sake cewa bai taɓa jin cutar ba.

Tsoronmu shi ne mu mai da cutar ta baƙi. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta Suwizalan ce ta daɗe tana ɗawainiya da irin waɗannan yara. A Abuja wata ƙungiyar Jamusawa ce ta taimaka aka buɗe cibiyar noma a 2023. A nan kuwa mun ambaci waɗanda suka zo. Baƙo yana da ranar tafiya, kuma kuɗin agaji na duniya yau yana nan, gobe yaƙi ya ɓarke a wata nahiya ya juya can. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Shekara ashirin da 'yan kai da buɗe asibitin, tambayar da ya kamata majalisar dokokin jiha ta riƙa yi kowace shekara ita ce, likitocin fiɗar fuska nawa, masu sa barci nawa, masu koyar da motsa muƙamuƙi nawa 'yan ƙasa aka horar, kuma me aka tanada don kada su tafi Saudiyya ko Ingila da zarar sun ƙware. Ga 'yan'uwanmu masu karatun likita kuma, ga mafi girman tarin ƙwarewa kan wannan cuta a duk ƙasar nan a cikin garinku. Abin kunya ne ɗalibi ya kammala karatu a Sakkwato bai taɓa kwana guda a wannan asibiti ba, sai ya je ya karanta labarinsa a mujallar Landan.

Akwai kuma wani ɓangare na jinya da ba ya fitowa a hoto. Yaron da aka yi wa aiki aka sallama, wa ke bin sawunsa? Kuɗin mota daga ƙauyen kan iyaka zuwa Sakkwato da komowa, na uwa da ɗa, yana iya fin abin da gidan ke samu a wata, saboda haka ranar dawowa ta wuce ba su zo ba. Ba a sani ba ko bakin ya sake kullewa. Ba a sani ba ko ya shiga makaranta, ko yara sun yi ta tsokanarsa har ya daina zuwa. Yarinyar da ta kai munzalin aure fa? Wasu sun yi shekaru a ƙuryar ɗaki, ba sa cin abinci gaban mutane saboda yana zubowa, ba a fahimtar maganarsu. Irin wannan yana bukatar mai koyar da magana, da mai ba da shawara, da malamin makarantar da aka yi wa bayani, da limamin da zai faɗa a kan mumbari cewa ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba alhakin uwa ba ne. Haƙiƙa ba ya yaɗuwa. Mai shi ana cin abinci da shi kwano ɗaya.

Ku kuma 'yan'uwa da kuka riga mu kama aiki, ku da ke zaune a ofisoshin sakatariya da na ƙananan hukumomi 23, ba ku da wuƙar fiɗa, amma fayil yana bi ta kan teburinku. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko. Waɗannan manyan alkawura ne, cikarsu ba a hannun ƙaramin ma'aikaci take ba. Abin da muke nema ya fi su ƙanƙanta nesa. Muna neman a ƙara gurbi ɗaya a rajistar kowane ɗakin shan magani da kowace cibiyar tamowa, inda za a rubuta an duba bakin yaro da abin da aka gani, mai dubagari kuma ya riƙa tambaya a kansa. Muna neman ɗaliban Kwalejin Fasahar Lafiya ta Gwadabawa da na makarantun jinya da ungozoma kada su karɓi takardar shaida sai sun gane matakan ciwon da ido. Muna neman a sa layi a kasafin kuɗi don kuɗin motar mara lafiyan da aka tura da na mai bin sawunsa, a kuma fitar da kuɗin, kada ya kwana a takarda.

Namu ɓangaren kuma, Nijeriya ta keɓe 20 ga Nuwamba a matsayin ranar noma ta ƙasa. An saba yin ta da jawabi a zaure da riguna masu rubutu. Muna ba shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai shawara su nemi izinin hukumar jami'a da na asibitin, a shirya wa ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi horo na yini ɗaya kafin hutun da ke tafe, a ba kowa takarda mai hoton matakan ciwon da bayani cikin Hausa da Fulatanci, da boko da ajami. Ba magani za mu bayar ba, wannan aikin masu shi ne. Za mu kai takardar ga malamin asibitin garinmu, da ungozoma, da wanzami, da liman, mu kuma duba bakin ƙannenmu da ke cikin gida.